Masanin Ƙaguwar Teku a Kan Raƙumi

Laccar da aka gabatar wa ɗaliban kimiyya da malamansu a Kongolam



Ranka ya daɗe Dagaci, Malam Shugaban makaranta, malamai abokan aiki, iyaye da kuka bar gona da kasuwa kuka zo, da ku 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan wata sana'a da ba a cika jin labarinta a ƙasar Daura ba: aikin masanin halittun teku wanda ya sallama rayuwarsa ga dangin ƙaguwa da jatan lande, yana tantance wannan daga wancan, yana raɗa musu suna. Na ga ana murmushi can baya, kuma ban ga laifin mai murmushi ba. Daga nan Kongolam zuwa bakin teku a Legas tafiyar ta haura kilomita 1,000. In kuwa arewa ka nufa, ka wuce shingen kwastan ka kama hanyar Matameye da Damagaram, kullum ruwa raguwa yake yi, rairayi na ƙaruwa. Ina mu ina ƙaguwar teku?

Amsata biyu ce. Mutumin da ya rubuta littafin da aka daɗe ana dogaro da shi kan ƙaguwar tekun Afirka ta Yamma, duniya ta fi saninsa a kan raƙumi, cikin Sahara. Sannan cutar da ta riƙa kwantar da kakanninku a tsakiyar damina, daidai lokacin da gona ke neman hannu, wani ɗan mitsitsin dangin ƙaguwa ne ke dakonta, kuma a kududdufin bayan gari yake zaune. Wanda ya riƙe waɗannan biyun zai gane cewa ido da haƙuri aikin nan yake so. Teku ɗaya ce kurum daga cikin wuraren da ake yin sa.

Su wane ne dangin? Abin da ya haɗa su shi ne ƙashinsu a waje yake, tsoka a ciki. Ɓawo mai tauri ne ya lulluɓe jiki, ƙafafu gaɓa-gaɓa, sannan a goshi akwai zaruruwa huɗu da suke taɓa abu da sansana shi da su, alhali fara da kiyashi biyu gare su. Tun da ɓawo ba ya girma, dole su riƙa yin saɓa, su fito da taushi su ɓuya har sabon ya yi ƙwari. Irin da masana suka bayyana zuwa yanzu sun kai kimanin 67,000. Akwai ƙaguwar tekun Japan da in ta miƙe ƙafafunta faɗinta ya haura mita 3, akwai kuma wanda sai da madubin likita ake ganin gaɓoɓinsa. Kuma kun sha cin su. Busasshen jatan landen da ake auna wa uwayenku a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa, wanda 'yan kudu ke ce wa kirefish, da yawansa daga bakin ruwan Oron da Ibeno na Jihar Akwa Ibom yake zuwa, kuma akasarinsa iri ɗaya ne mai suna Nematopalaemon hastatus. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Aurivillius, shi ya fara bayyana shi a 1898 daga abin da aka kai masa daga Kamaru.

Wannan sunan mai karya harshe yana da ƙa'ida. Tun daga littafin Linnaeus na 1758 aka tsayar cewa kowace dabba kalma biyu za ta amsa: ta farko sunan gidan da ta fito, ta biyu sunan irinta. Wanda ya ce ya ga sabon iri kuwa, ba bakinsa za a bi ba. Sai ya zana shi gaɓa-gaɓa, ya auna, ya karanta duk abin da aka taɓa rubutawa kan danginsa don kada ya raɗa wa mai suna suna, ya buga a mujallar masana, sa'an nan ya zaɓi guda ɗaya ya sa a kwalba cikin sifirit ya ajiye a gidan adana halittu. Wannan guda ɗayan tamkar mudun Sarkin Kasuwa yake: duk wanda gardama ta kama shi bayan shekara ɗari, can zai koma ya gwada nasa.

Kada ku ɗauka aikin ƙananan malamai ne. Darwin da kuke karantawa a aji ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana feɗe wasu 'yan halittu masu manne wa duwatsun bakin teku da jikin jirgin ruwa. An daɗe ana lissafa su cikin dangin katantanwa, sai da aka ga 'ya'yansu suna iyo da ƙafafu masu gaɓa aka gane 'yan uwan ƙaguwa ne.

To, ga mutumin namu. Sunansa Théodore Monod, Bafaranshe, ɗan wani limamin Kirista, an haife shi a garin Rouen a 1902. Yana da shekara 20 ya samu aiki a babban gidan adana halittu na birnin Paris, a sashen da ke kula da kamun kifi a ƙasashen da Faransa ke mulka. Nan take aka tura shi Port-Étienne, wato Nouadhibou ta Muritaniya a yau, ya nazarci kifi da sauran abin da ke cikin ruwan. Garin a lokacin 'yan gine-gine ne tsakanin teku da hamada: ta wannan gefe ruwa ne ba iyaka, ta wancan gefe rairayi ne ba iyaka. Da aikin ya ƙare a 1923, maimakon ya hau jirgin ruwa ya koma gida, sai ya hau raƙumi ya bi ayari zuwa Saint-Louis ta Senegal. Daga wannan tafiya zuciyarsa ta rabu biyu, kuma har ya mutu bai yarda ya saki ɗaya ba.

A 1924, yana ɗan shekara 22, ya bayyana wata halitta da aka kamo a wani marmaro mai zafi na El Hamma, kudancin Tunisiya, inda mutane ke wanka. Tsawonta wajen milimita 3, ba ta da ido, tana zaune cikin ruwan da zafinsa ya haura digiri 40. Abin ban mamaki game da ita shi ne inda macen ke goyon ƙwanta. 'Yan uwanta na kusa a ƙarƙashin ciki suke riƙe ƙwai, ita kuwa a gadon baya, ƙarƙashin ɓawo. Ya raɗa mata Thermosbaena mirabilis, kuma da ya duba ya ga ba ta shiga kowane rukuni da aka sani ba, sai ya buɗe mata nata rukunin. Daga baya aka yi ta samun 'yan uwanta a kogunan ƙarƙashin ƙasa a Italiya da tsibiran Karibiyan da wasu wurare. Ku lura, babban abin da ya fara fito da sunan masanin teku, a bakin hamada aka same shi.

Digirinsa na dokta, na 1926, shi ne zai nuna muku ainihin wahalar sana'ar. Ya yi shi a kan wasu 'yan halittun teku da ake kira Gnathiidae, waɗanda babbansu bai wuce 'yan milimita ba, amma littafin ya haura shafi 600. Me za a faɗa har haka? Ga shi. Ƙaraminsu yana manne wa kifi ya sha jini har cikinsa ya yi tim, ya saki ya faɗa ƙasan teku ya yi saɓa, ya sake neman wani kifin. Bayan zagaye na uku sai ya balaga, daga nan kuma ba ya ƙara cin komai har ya mutu. Namijin yana fitowa da ƙaton kai mai kusurwa da manyan muƙamuƙai a gaba. Macen kanta ɗan ƙarami ne, jikinta duk ya zama ma'ajin ƙwai. In ka jera uba da uwa da ɗa a faranti, rantsuwa za ka yi ba su haɗa komai ba. Haka ma masanan farko suka yi zato: suka kira namijin Anceus, suka kira ƙaramin Praniza, a matsayin gida biyu dabam. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 wani Bafaranshe, Eugène Hesse, ya rene su a ruwan teku a gidansa ya ga wannan ya rikiɗe ya koma wancan. Kafin nan sunaye sun riga sun cakuɗe a littattafai. Aikin Monod shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya warware wanne ne wanne, ya zana kowanne da hannunsa. Shekara kusan 100 ke nan, amma duk mai son taɓa wannan dangi sai ya buɗe littafin.

Tsakanin 1925 da 1926 an aike shi Kamaru, ya bi ruwayenta tun daga bakin teku har Tabkin Chadi yana duba yadda masunta ke aiki, yana cika kwalabe. Cikin abin da ya kwaso akwai wata ƙaguwar ruwan daɗi da ya miƙa wa wani Bajamushe masanin ƙaguwa a birnin Munich, Heinrich Balss. A 1929 Balss ya sa mata sunan wanda ya kawo ta, yau ana kiranta Sudanonautes monodi. Wannan tamu ce. Ƙaguwar ƙasar sabana ce, ana samunta a arewacin Najeriya da Kamaru da Chadi, tana haƙa rami a fadama ta bi laima ƙasa in rani ya yi tsanani, kuma saman akwatin numfashinta yana aiki kamar huhu, shi ya sa take iya daɗewa a tudu. Yaron da ya tono ƙaguwa a fadamar ƙasar Hausa, mai yiwuwa mai sunan Monod ce a hannunsa.

Labarin hamadarsa zan taƙaita, don shi kaɗai zai cinye mana yini. A 1927 yana cikin waɗanda suka tono ƙasusuwan wani mutumin zamanin da a Asselar, arewacin Mali. A ƙarshen 1954 ya ratsa Majabat al-Kubra, daga Wadan ta Muritaniya zuwa Arawan da ke arewa da Tumbutu, kimanin kilomita 900 ba rijiya ko ɗaya. A 1964 ya kai ga kayan wani ayari da aka binne a rairayi ɗaruruwan shekaru da suka wuce: sandunan tagulla fiye da 2,000 da tulin kuɗin wuri. A tsakiyar wannan duka, a watan Oktoba na 1948, shi ne ya shiga wata ƙwallon ƙarfe tare da Auguste Piccard a gwajin farko na jirgin nutso zuwa ƙasan teku, kusa da tsibiran Cape Verde. Mita 25 kawai suka nutsa a ranar, suka kuma yi sa'o'i masu yawa a kulle kafin a buɗe musu.

Daga 1938 zuwa 1965 shi ne shugaban cibiyar bincike ta IFAN a Dakar, wadda ta yi rassa a ƙasashen Afirka ta Yamma. Reshenta na Yamai shi ne ya zama cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. A can Dakar, tsakanin takardun ofis da tafiye-tafiye, ya haɗa littafin da na ambata da farko, wanda ya fito a 1956: shafi 674, zane 884, duk a kan ƙaguwar tekun wannan yanki namu.

Yaya ake bambance ƙaguwa da ƙaguwa? Launi ba abin dogaro ba ne, don sifirit yana wanke shi, kuma 'yan uwa ɗaya sukan sha bamban a kala. Girma ma haka. Abin da masani ke yi shi ne ya kifar da ita ya dubi cikinta. Za ka ga wani murfi a naɗe: na mace faffaɗa ne don riƙon ƙwai, na namiji siriri. Sai ya sa bakin allura ya ɗaga na namijin. A ƙarƙashi akwai wasu 'yan ƙafafu da suka rikiɗe suka zama abin barbara. Ya cire na farko, ya ɗora a ƙarƙashin madubin likita, ya dubi bakinsa: ya lanƙwasa ciki ne ko waje, yana da gashi ko babu, tsininsa dogo ne ko gajere. Ƙaguwa biyu da ido zai ce tagwaye ne, nan suke rabuwa. Sai ya ƙirga haƙoran gefen ɓawo, ya auna faɗi da tsawo, ya zana. Ƙaguwa ɗaya takan ci yini. Yanzu ku sake tuna zane 884.

Aikin bai tsaya a kansa ba, kuma haka ake so. A 1981 Raymond Manning na Amurka da Lipke Holthuis na Holan suka fitar da sabon littafi, bayan wani jirgin bincike ya yi jan koma a tekun Gini a 1964 da 1965. Suka lissafa iri 218 na ƙaguwar tekun Afirka ta Yamma, 24 daga ciki sababbi, suka gyara wa Monod wasu sunaye, amma a kan harsashinsa suka yi gini.

Ba zan rufe muku wani ɓangare ba. Monod ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne. Abin da ya fara kai shi Muritaniya da Kamaru shi ne Faransa tana son ta san yawan kifin da za ta iya kwasa. Kwalaben da ya cika suna Paris da Dakar, kuma masuntan da suka ja masa koma da 'yan rakiyar da suka san inda rijiya take, yawancinsu sunansu bai shiga littafi ba. A ɗaya gefen, shi ne ya jawo Amadu Hampate Ba cikin IFAN a 1942 lokacin da hukumomin Faransa suka matsa masa saboda ɗariƙarsa. A 1960 ya sa hannu a takardar mutum 121 da suka goyi bayan masu ƙin zuwa yaƙin Aljeriya. Ba ya shan giya, ba ya cin nama, kuma kowace shekara yakan yi azumi daga 6 zuwa 9 ga Agusta don nuna ƙin makamin nukiliya. Ya rasu a Nuwamban 2000 yana da shekara 98. A ganina mutumin kirki ne da ya yi aiki cikin tsari maras adalci, kuma abin da ya dame ni ba shi ba ne, mu ne: shekara fiye da 60 da samun 'yancin kai, har yanzu ɗalibin Najeriya ko Nijar da ke son ya tabbatar da sunan ƙaguwar garinsu sau da yawa sai ya nemi biza.

Yanzu mu dawo kududdufi. Dattawan da ke zaune a nan sun san kurkunu, yara kuwa sai dai labari, alhamdu lillahi. Ƙafa ta ɗau zafi kamar an ɗora garwashi, bororo ya taso a wajen idon sawu, ya fashe, wani farin zare ya leƙo. A naɗe shi a tsinke, kullum a ja kaɗan, a yi makonni ana fama, don macen tsutsar takan kusa mita guda. In aka yi gaggawa ta tsinke, ƙafa ta kumbura, a kira wanzami ya yi sakiya. A ƙasashenmu na arewa da damina yake fitowa, lokacin da tabkuna suka cika ake sha daga gare su, shi ya sa magidanci kan kwanta yana kallon ciyawa na cinye masa gero.

Ba a san hanyarsa ba sai wajen 1870, lokacin da wani Barashe, Fedchenko, yana aiki a yankin Samarƙandu ya ga 'ya'yan tsutsar a cikin jikin ƙumar ruwa. Ita ƙumar ruwan nan, wadda masana ke kira Cyclops saboda ido ɗaya gare ta a tsakar goshi, 'yar uwar ƙaguwa ce, tsawonta milimita 1 zuwa 2. In ka ɗebi ruwan tabki a kofin gilashi ka ɗaga wa rana, za ka ga ɗigo-ɗigo fari yana zabura. Mai kurkunu ya tsoma ƙafa a ruwa don ya ji sanyi, tsutsa ta zubo 'ya'ya dubbai, ƙumar ruwa ta haɗiye su, su yi kamar mako biyu a cikinta suna girma. Wani ya zo ya sha. Cikinsa ya narkar da ƙumar, ɗan tsutsa ya tsira ya ratsa hanji. Sai bayan kusan shekara guda bororo ya taso, lokacin da ba wanda zai tuna ruwan da ya sha bara.

A nan ne masanin rarrabewa ya shigo, kuma a wannan karon ɗan Najeriya ne. Dokta Sanya Onabamiro, malami a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya tsaya a kan tambayar da ta fi muhimmanci: ƙumar ruwa iri-iri ce, wacce ce daga ciki ke ɗauke da cutar a ƙasarmu? Bambance su sai an feɗe abin da bai kai ƙwayar gero ba, a ciro ƙafarsa ta biyar da allura a ƙirga gashin da ke jikinta. A 1951 ya buga sakamakon aikinsa a wani ƙauye na kudu maso yamma, inda ya nuna Thermocyclops nigerianus ce babbar mai dakon, kuma a shekarun da suka biyo ya bayyana wasu sababbin iri na ƙumar ruwa daga Najeriya. Daga baya ya shiga siyasa har ya zama Ministan Ilmi na Jihar Yamma. Ni dai da za a tambaye ni, aikin allurar nan ya fi kujerar daɗewa.

Kurkunu ba shi da magani, ba shi da rigakafi. Da sanin ƙumar ruwa aka yaƙe shi. Tun da an san girmanta, aka saƙa ƙyallen tacewa mai idon da ba za ta wuce ba. Tun da an san inda take zama da lokacin da take yawa, aka san tabkin da za a zuba wa maganin Abate da watan da za a zuba. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana mai ciwo shiga ruwa. A 1986, da Cibiyar Carter ta ɗauki yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara a duniya. Ƙidayar Najeriya ta 1988 ta samu fiye da 650,000, ba ƙasar da ta kai ta. A Nijar, Damagaram na cikin inda ya fi tsanani. Janar Yakubu Gowon ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye a kan wannan magana. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Najeriya a 2008 ne, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Najeriya da Nijar duka sun rabu da shi. A 2022 mutum 13 kacal aka samu a faɗin duniya.

Ba kurkunu kaɗai ba. Bayan yaƙin basasa likitoci a gabashin Najeriya sun yi ta ganin masu tarin jini da maganin tarin fuka ba ya yi musu aiki. Ashe wata tsutsar huhu ce da ake ɗauka daga ƙaguwar rafi da ba ta dahu ba, wadda yunwa ta sa mutane suka koma ci. Nan ma sai da aka nemi wanda zai ce wace ƙaguwa ce. Neil Cumberlidge, Baturen Ingila da ya yi aiki a Najeriya da Laberiya, ya fitar da littafin ƙaguwar ruwan daɗi ta Afirka ta Yamma a 1999, kuma tun a 1991 ya bayyana wata daga Kagoro ta Jihar Kaduna, Sudanonautes kagoroensis. Dalilin da ya sa ake samun ƙaguwar ruwan daɗi da ke zaune a yanki ɗaya kaɗai shi ne, ƙaguwar teku tana sakin 'ya'ya dubbai igiyar ruwa ta watsa su, ita kuwa ta ruwan daɗi ƙwai kaɗan take yi manya, ta riƙe 'ya'yan a ƙarƙashin cikinta har su yi ƙwari. Ba sa nisa da inda aka haife su, don haka dutse ɗaya da rafinsa kan iya riƙe irin da babu shi a ko'ina. A Fatakwal kuma an yi wani ɗan Kanada, Bruce Powell, da ya bayyana sababbin jatan lande na yankin Neja Delta a shekarun 1970, ya kuma yi ta faɗa kan ɓarnar malalar mai har rasuwarsa a 1998.

'Yan matan da ke gefen nan, kada ku ce duk maza na lissafa. Mary Rathbun ta Amurka ta fara ne a matsayin mai taimako ba albashi, ba ta da digiri, amma ta raɗa wa iri fiye da 1,000 suna, kuma tun a 1900 ta rubuta jerin ƙaguwa da jatan landen Afirka ta Yamma wanda shi kansa Monod ya dogara da shi.

Wani zai ce, to Malam, ana samun kuɗi? Gaskiya ba a yin arziki da ita. Albashin malamin jami'a ne ko na ma'aikacin cibiyar bincike, kuma kafin idonka ya nuna sai ka yi shekaru. Masu yin ta a duniya ma raguwa suke yi, tsofaffi na ritaya ba magada. Tun 2003 an shigo da tantance iri ta hanyar ƙwayar gado, abin ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, sai dai na'urar tana gwada abin da ka ba ta ne da wanda wani ya riga ya raɗa wa suna. In ba a taɓa bayyana shi ba, shiru za ta yi maka. Hanyar shiga kuwa a buɗe take: ilmin halittu ko na kiwon kifi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Bayero, ko Ahmadu Bello. Daga nan akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, da ta binciken teku a Legas ga mai son ruwan gishirin kansa. Ku riƙe zane da muhimmanci. Sannan kuna da wata dama da ɗan Kano ko Zariya ba shi da ita: da yawa daga cikin manyan littattafan wannan fanni na yankinmu da Faransanci aka rubuta su, ku kuwa 'yan uwanku na tsallaken iyaka da shi suke karatu. Wanda yake da ɗan kawu a Matameye yana da malamin Faransanci kyauta.

Abin dubawa kuma yana nan kusa. Akwai madatsar Sabke da ta Daberam, akwai tabkunan kwarin Korama a tsallake, akwai kududdufan da ke cika a Yuli su ƙafe kafin sanyi ya wuce. Waɗannan na ƙarshe su na fi so ku sa wa ido, don masu zama cikinsu sun saba da ƙafewa. Kafin ruwa ya janye sukan zuba ƙwai masu taurin ɓawo a cikin laka, ƙwan ya jure rana da iskar hunturu, wani ya yi shekaru yana jiran ruwa. Wani masani ɗan Norway, Sars, ya bayyana iri da yawa na Afirka ta Kudu da Ostireliya ba tare da ya taka can ba: busasshiyar laka ake aika masa, ya jiƙa ta a ɗakinsa ya jira.

Ku ma ku gwada a wannan zangon. Ku kankaro saman busasshiyar lakar kududdufi, kamar cikin tafin hannu biyu, ku zuba a roba mai faɗi, ku cika da ruwan sama ko na rijiya, kada ku sa wanda aka zuba wa sinadarin tsarkakewa. Ku ajiye inda haske ke samu amma rana ba ta dafa shi. Daga kwana biyu zuwa mako ku riƙa dubawa da safe. In an dace za ku ga wasu sirara masu haske suna iyo a rigingine, ƙafafunsu na kaɗawa a sama, da wasu masu ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa, wani lokaci har da mai faffaɗan sulke a baya da jela mai reshe biyu. Ku zana abin da kuka gani kafin ku nemi sunansa. Wanda za ku adana ku sa a ƙaramar kwalba cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, ku rubuta wuri da kwanan wata da irin ruwan da sunan wanda ya ɗebo a 'yar takarda, ku jefa ta cikin kwalbar. Da fensir za ku rubuta, don tawadar biro narkewa take yi. Kwalbar da ba takarda, ko me ke cikinta, masani ba zai karɓa ba. Malamin kimiyya ya tara su, in an samu mai zuwa Katsina ko Dutsin-Ma a kai sashen ilmin halittu.

Gargaɗi ɗaya: in za ku ɗebo daga tabki mai ruwa, ku ɗaura gwangwani ko rariya a bakin sanda ku tsaya a tudu. Kurkunu ya tafi, amma tsargiya tana nan, ita kuwa katantanwa ce ke ɗauke da ita, kuma ta fata take shiga.

Malam Shugaba, a nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da 'yan aji uku.